Maganin tabon haihuwa na jijiyoyin jini da hasken leza

Maganin tabon haihuwa na jijiyoyin jini da hasken leza hanya ce ta likitanci da ake bi wajen dusar da jan tabo ko jan ƙari da ake haihuwar jariri da shi a fata, ko wanda ke fitowa a makonnin farko bayan haihuwa. Ana haska wa wurin haske mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanin lokaci, jinin da ke cikin jijiyoyin ya zuƙi hasken ya yi zafi, jijiyoyin su lalace, sauran fatar kuma ta tsira. Na'urar da aka fi amfani da ita ita ce lezar rini, mai fitar da haske ruwan ɗorawa, wadda ta fara aiki a asibitoci cikin shekarun 1980.

Ba kowane tabon haihuwa ke buƙatar leza ba. Wani yakan ɓace da kansa, wani maganin sha ya fi yi masa amfani, wani kuma alama ce ta wata matsala a ido ko a ƙwaƙwalwa da ta fi tabon kansa muhimmanci. Haka nan sakamakon aikin ya danganta ƙwarai da launin fata, domin sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana zuƙar hasken. Saboda haka aikin yana buƙatar ƙarin taka-tsantsan ga masu baƙar fata.

Ire-iren tabon

Tabon haihuwa iri biyu ne. Akwai na launi, wato baƙi ko ruwan ƙasa, irin wanda Hausawa ke kira tawadar Allah, wanda ke samuwa daga taruwar ƙwayoyin da ke ba fata launi. Akwai kuma na jijiyoyin jini, wanda launinsa ja ne, ko ruwan hoda, ko ja mai duhu kamar na zoɓo, saboda jinin da ke kwance a ƙarƙashin fata ne ake hangowa.

A shekara ta 1982, John Mulliken da Julie Glowacki na birnin Boston a Amurka suka raba tabon jijiyoyin jini gida biyu. Gida na farko shi ne ƙari, inda ƙwayoyin bangon jijiya ke hayayyafa fiye da kima. Gida na biyu shi ne tawayar halitta, inda jijiyoyin ba sa hayayyafa, sai dai tun a ciki ba su ginu daidai ba. A 1996 ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai nazarin waɗannan cututtuka, ISSVA, ta karɓi wannan rabo, kuma a kansa likitoci ke zaɓen magani har yau. Uku daga cikin ire-iren ne aka fi gani.

Na farko shi ne tabon ƙeya da goshi. Shimfiɗaɗɗe ne, launinsa mara kauri, yana fitowa a ƙeya, ko tsakanin gira, ko a fatar ido. Kusan jariri ɗaya cikin uku na zuwa da shi. Yakan ƙara ja idan jariri na kuka. Na fuska yakan dushe cikin shekara ɗaya zuwa biyu, na ƙeya yakan zauna amma gashi ya rufe shi. Ba ya buƙatar magani.

Na biyu shi ne tabon fot-wayin, wanda ya samo sunansa daga launin wata jar giya ta ƙasar Fotugal. Tawayar halitta ce ta siraran jijiyoyin jini, waɗanda suke a buɗe fiye da yadda ya kamata. Kimanin jarirai 3 cikin 1,000 ne ake haifa da shi, maza da mata daidai. Ya fi fitowa a fuska da wuya, galibi a ɓari ɗaya. Yana girma tare da yaro kuma ba ya ɓacewa. Da shekaru suka ja yakan yi duhu, ya yi kauri, wani lokaci ya fitar da ƙulluttai masu zubar da jini idan an taɓa su. Idan ya kama leɓe ko dasashi, wurin na iya kumbura. Tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, yana da irin wannan tabo a goshinsa. A 2013 masu bincike suka gano cewa sauyi ne a wata ƙwayar halitta mai suna GNAQ ke haddasa shi. Sauyin yana faruwa ne a wasu ƙwayoyin jikin ɗan tayi bayan shigar ciki, don haka ba gadonsa ake yi daga uwa ko uba ba.

Na uku shi ne hemanjiyomar jarirai. Ƙari ne amma ba ciwon daji ba. Yana samun kimanin jarirai 4 zuwa 5 cikin 100, ya fi yawa ga 'ya'ya mata, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba su da nauyi. Sau da yawa ba a ganin komai ranar haihuwa, ko a ga ɗan ɗigo kawai. Sai a makonnin farko ya tasa, ya yi ja jawur, ya girma da sauri har zuwa wata uku ko biyar. Bayan shekara guda yakan fara motsewa, kuma akasari yakan gama ja da baya wajen shekara huɗu, ko da yake wani na kaiwa shekara tara ko goma. Wani yakan bar sakakkiyar fata ko siraran jajayen jijiyoyi a gurbinsa.

Al'ummomi da dama sun yi imani cewa kwaɗayin wani abinci da mai ciki ba ta samu ba shi ke fitowa a jikin ɗanta. Shi ya sa a Larabci da Faransanci da Italiyanci kalmar da ake kiran tabon haihuwa da ita take da alaƙa da kwaɗayi ko sha'awa. Binciken likitanci bai sami wata alaƙa tsakanin tabon da abin da uwa ta ci, ko ta gani, ko ta aikata ba.

Tarihi

Kafin zuwan leza an gwada hanyoyi da yawa. An yanke fata an dasa wata, an ƙona ta da wutar lantarki, an daskarar da ita da ƙanƙarar iskar kabon, an yi zane da allura don ɓoye launin. An kuma yi amfani da radiyom: a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin an yi wa dubban jarirai masu hemanjiyoma wannan magani tsakanin 1920 da 1959, daga baya aka daina saboda haɗarin ciwon daji. Yawancin waɗannan hanyoyi sun bar tabon ciwo da ya fi na asali muni. Wata Ba'amurkiya mai tabon fot-wayin a fuska, Lydia O'Leary, ita ta ƙirƙiro hodar rufe tabo mai suna Covermark, kuma shekaru masu yawa irin wannan kwalliya ce hanya mafi aminci.

Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko mai aiki a ranar 16 ga Mayu, 1960, a jihar Kalifoniya. A 1963 wani likitan fata na birnin Cincinnati, Leon Goldman, ya wallafa gwajin da ya yi da ita a kan fatar mutum. A shekarun 1970 lezar agon, mai haske shuɗi da kore, ta zama abin da ake yi wa tabon fot-wayin magani da shi. Tana dusar da tabon ga manya, amma da yake haskenta ba ya yankewa, zafi na bazuwa zuwa fatar da ke kewaye. Yara ƙanana da yawa sun sami tabon ƙuna, har likitoci suka riƙa ƙin yi musu.

Canji ya zo a 1983, lokacin da R. Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka wallafa wata ƙasida a mujallar Science. Sun nuna cewa ana iya lalata ƙaramin abu a cikin fata ba tare da an ƙona maƙwabtansa ba, muddin an zaɓi launin haske da tsawon lokacin haskawa daidai. A kan wannan ƙa'ida aka ƙera lezar rini. A 1989 Oon Tian Tan da abokan aikinta suka ba da rahoton yara 35 da aka yi wa magani da ita, aka sami sakamako mai kyau. A 1995 J. Stuart Nelson da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka bayyana dabarar fesa ruwa mai tsananin sanyi a kan fata gab da haskawa. Wannan ya ba da damar ƙara ƙarfin hasken ba tare da saman fata ya ƙone ba.

Yadda hasken ke aiki

Hasken rana da na fitila gauraye ne na launuka da yawa. Hasken leza launi ɗaya ne tak, kuma ana auna shi da tsawon zangonsa, da ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kowane abu yana da launin hasken da ya fi zuƙa. Himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, yana zuƙar haske sosai a nanomita 418 da 542 da 577. Lezar rini ta farko an saita ta a 577, daga baya aka matsar zuwa 585 da 595 domin hasken ya ƙara nitsawa cikin fata.

Sharuɗɗa uku ne ke sa aikin ya yi kyau. Na farko, launin hasken ya zama wanda jini ke zuƙa fiye da sauran sassan fata. Na biyu, lokacin haskawar ya zama gajere, yadda zafin ba zai sami damar fita daga jijiyar ya shiga naman da ke kewaye ba. Siririyar jijiya tana hucewa da sauri fiye da kakkaura, kamar yadda allura ke rigan gatari hucewa bayan an fitar da su daga wuta. Saboda haka ake daidaita lokacin da kaurin jijiya. Lezar rini ta farko tana haskawa na milisakan 0.45, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, na zamani kuma ana iya tsawaita ta har milisakan 40. Na uku, ƙarfin hasken ya isa ya kai jinin zafin digiri 70 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyas, inda jini ke dunƙulewa, bangon jijiya ya lalace. A makonnin da ke biye jiki ya kwashe matacciyar jijiyar.

Babban naƙasun lezar rini shi ne ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu a cikin fata. Jijiyoyin da suka fi haka zurfi ba ta kai musu, waɗanda ke sama kuma sukan tare wa na ƙasa hasken. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita aikin sau da yawa, kuma ya sa ake komawa ga wasu na'urori idan tabon ya ƙi ji:

Lezar KTP, nanomita 532, kore ce, tana aiki a kan jijiyoyin da ke can sama. Ba ta dace da fata mai duhu ba.

Lezar alekzandarait, nanomita 755, tana nitsawa fiye da ta rini. Ana amfani da ita ga tabon da ya yi kauri ko ya yi duhu.

Lezar Nd:YAG, nanomita 1064, ido ba ya ganin haskenta, ita ta fi duka zurfi. Tazara tsakanin ƙarfin da ke magani da wanda ke ƙona fata kaɗan ce, don haka ƙwararre kaɗai ke riƙe ta.

Akwai kuma na'urar IPL, wadda fitila ce mai walƙiya da ake tace haskenta. Ba leza ba ce, ko da yake a shagunan gyaran jiki akan kira ta da wannan suna.

Yadda ake gudanar da aikin

Likitan fata ko likitan gyaran halitta ne ke yin aikin. Da farko yakan tabbatar da irin tabon, ya ɗauki hoto don kwatantawa daga baya. Sau da yawa yakan gwada ɗan ƙaramin wuri, ya jira makonni ya ga yadda fatar za ta yi. Kowa da ke ɗakin yana sa tabarau na musamman, domin hasken na iya lalata ido nan take. Idan tabon yana kan fatar ido, ana saka ɗan murfin ƙarfe a kan ƙwayar idon. Ana jiƙa gira da gashin da ke kusa don kada su babbake.

Hasken na sauka ɗigo-ɗigo, faɗin kowane ɗigo kimanin milimita 7 zuwa 12. Zafinsa kamar na roba ce da aka ja aka saki a kan fata. Ƙaramin tabo 'yan mintoci ke gama shi. Manya akan shafa musu man kashe zafi ko a yi haka nan. Jarirai akan naɗe su a zane a riƙe. Yaran da suka tasa kuma tabonsu na da faɗi wani lokaci sai an sa su barci. A watan Disamba na 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan yawan maimaita maganin sa barci ga yara 'yan ƙasa da shekara uku. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa likitoci da yawa ke fara aikin tun jariri na 'yan watanni, lokacin da za a iya yi ba tare da an sa shi barci ba.

Bayan aikin wurin yakan kumbura na kwana ɗaya ko biyu, ya yi duhu kamar kwanciyar jini na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Ana sa ƙyalle mai sanyi, a shafa man da ke hana bushewa, a hana yaro sosawa, a kuma kare wurin daga rana. Ana komawa bayan makonni huɗu zuwa takwas. Mutane da yawa na buƙatar zama goma ko fiye.

Sakamako a kan tabon fot-wayin

Lezar rini ita ce magani na farko ga tabon fot-wayin. Akasarin masu shi suna ganin ya dushe, amma waɗanda nasu ke ɓacewa baki ɗaya ba su wuce kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ba. Tabon goshi, da gefen fuska, da wuya ya fi jin magani. Na tsakiyar fuska, wato hanci da leɓen sama da kuncin da ke kusa da su, ya fi taurin kai, haka ma na hannu da ƙafa. Ƙaramin tabo ya fi babba saurin dushewa. Jariri na da sirriyar fata da ƙananan jijiyoyi, don haka hasken ya fi kai musu.

Tabon na iya dawowa. Wani bincike da aka yi a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, aka wallafa a 2007, ya bi mutane 51 shekaru goma bayan an yi musu magani. An ga tabon ya sake yin duhu, duk da cewa bai koma yadda yake tun farko ba. Dalili shi ne sauyin ƙwayar halittar na nan, jiki kuma yana sake gina jijiyoyin. Saboda haka wasu kan koma lokaci-lokaci a sabunta musu.

Leza ba ta magance abin da ke ƙarƙashin tabon. Jaririn da tabonsa ya kama goshi ko fatar ido ta sama yana iya kasancewa da cutar Sturge-Weber, wadda William Allen Sturge ya bayyana a 1879, Frederick Parkes Weber ya ƙara bayani a 1922. A wannan cuta irin jijiyoyin nan suna kan fatar ƙwaƙwalwa da cikin ido, suna iya kawo farfaɗiya, da raunin ɓarin jiki, da gilokoma, wato hawan ruwan ido mai kashe gani. Irin wannan jariri yana buƙatar likitan ido da likitan ƙwaƙwalwa tun kafin a yi zancen launin fatarsa. Tabon da ya rufe ƙafa ɗaya, tare da kumburarrun jijiyoyi da ƙafar da ta fi 'yar'uwarta girma, alama ce ta cutar Klippel-Trénaunay, wadda aka bayyana a 1900.

Hemanjiyoma da maganin sha

Mafi yawan hemanjiyoma ba sa buƙatar komai sai sa ido. Ana yin magani ne idan ƙarin yana neman rufe ido, ko yana kan hanci, leɓe ko kunne, ko ya fashe ya zama gyambo, ko yana da faɗi a fuska. Wanda ke haɓa da wuya na iya zuwa tare da wani a cikin maƙogwaro da zai toshe numfashi. Jaririn da ke da guda biyar ko fiye a fata akan yi masa hoton hanta, domin a can ma yana iya fitowa.

A 2008 likitoci a birnin Bordeaux na Faransa, ƙarƙashin Christine Léauté-Labrèze, suka ba da rahoton cewa hemanjiyomar wani jariri ta motse bayan an ba shi furofaranolol saboda matsalar zuciya. Wannan tsohon maganin hawan jini ne mai araha. FDA ta amince da shi ga jarirai a 2014. A wani gwaji na jarirai 460 da aka wallafa a 2015, kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sha miligiram 3 ga kowane kilo na nauyinsu a kullum har wata shida sun warke gaba ɗaya ko kusan haka, alhali kashi 4 ne kawai a cikin waɗanda ba su sha maganin ba. Tun daga nan shi ne magani na farko. Yana iya saukar da sukarin jini, ya rage bugun zuciya, ya tayar da sheshsheƙa, don haka likita ne ke auna shi, ana ba da shi tare da shayarwa, ana kuma dakatarwa idan jariri ya ƙi nono. Ga ƙaramin ƙari mara kauri akan ɗiga timolol, wanda asalinsa maganin ido ne.

Aikin leza a nan ya taƙaita ga wurare uku: ƙarin da ke shimfiɗe a saman fata, da wanda ya zama gyambo ya ƙi warkewa, da jajayen jijiyoyin da suka rage bayan ƙarin ya motse. Hemanjiyoma mai zurfi ta fi ƙarfin hasken.

Baƙar fata

A 1975 likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fito da ma'aunin da ke rarraba fata bisa yadda rana ke shafarta. A yau matakansa shida ne, akasarin mutanen Afirka ta Yamma suna mataki na biyar da na shida. Sinadarin melanin, mai ba fata duhu, yana a saman fata, jijiyoyin jini kuma suna ƙarƙashinsa. Dole hasken ya ratsa melanin kafin ya kai ga jini, shi kuma melanin yana zuƙar haske kore da ruwan ɗorawa sosai. Abu biyu ke biyo baya: hasken da ke isa jijiya ya ragu, saman fatar kuma ya ɗau zafi.

Illolin da ake gudu sun haɗa da bororo, da ɓawon ciwo, da wurin ya ƙara baƙi na tsawon watanni, ko ya yi fari-fari, wanda wani lokaci ba ya komawa. Akwai kuma tabon da ke tasowa ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, wato keloyid, wanda ya fi yawa ga baƙaƙen fata. Wannan bai hana a yi aikin ba. Likitoci na rage ƙarfin hasken, su tsawaita lokacin haskawa, su ƙara sanyaya fata, su bar tazara mai tsawo tsakanin zama da zama har duhun da ya biyo baya ya washe. Wani lokaci sukan zaɓi Nd:YAG, domin melanin ba ya zuƙar haskenta sosai. Gwajin ƙaramin wuri kafin a yi duka wajibi ne ga irin wannan fata. Yawancin manyan binciken da aka yi kan lezar rini a kan fararen fata da mutanen gabashin Asiya aka yi su.

Duhun fata na ɓoye tabon ma. Jarirai baƙaƙe ana haihuwarsu da haske, su riƙa yin duhu a makonni da watannin farko. Tabon fot-wayin da ke bayyane ranar haihuwa na iya komawa kamar ɗan duhu kawai daga baya, har a kasa lura da shi. Kwanakin farko su ne lokacin da ya fi sauƙin ganewa.

A Najeriya

Lezar rini na'ura ce mai tsada. Tana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa, da rini da ruwan sanyi da ake sauyawa, da injiniyan da zai riƙa duba ta. Ko a ƙasashe masu arziki a manyan cibiyoyi ake samunta. Ga iyali a ƙasar Haɗeja ta jihar Jigawa, misali a ƙauyukan fadamar Auyo, Kafin Hausa, Guri ko Kiri Kasamma, abin da ke hannu shi ne gane irin tabon da wuri da kai yaro inda ya dace. Matakin farko shi ne asibitin sha-ka-tafi ko Babban Asibitin Haɗeja. Manyan asibitocin da ke sama da su sun haɗa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya.

Lokaci na da muhimmanci ga hemanjiyoma. Sau da yawa tana fitowa ne tsakanin ranar suna da arba'in, lokacin da mai jego take gida, kuma a karkara haihuwar ma galibi a gida ake yi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2019 cewa ƙari mai haɗari ya kamata ƙwararre ya gan shi tun jariri na wata ɗaya. Ranakun allurar rigakafi a Najeriya, wato mako na 6 da na 10 da na 14, sun faɗo daidai lokacin da ƙarin ya fi girma, don haka dama ce ta nuna wa ma'aikacin lafiya. Ajiye hoton wurin a waya duk mako yana taimaka wa likita ya ga saurin girmansa, musamman a watannin Agusta da Satumba da ambaliyar Kogin Haɗeja kan yanke hanyoyi ta jinkirta tafiya.

Tsaga, da sakiya, da ƙaho ba sa cire tabon jijiyoyin jini. Suna iya jawo zubar jini mai yawa, da shigar ƙwayoyin cuta, da tabon da ba ya gogewa. Man bilicin ma ba ya taɓa jijiya, sai dai ya sirantar da fata har jan ya ƙara fitowa, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan illarsa. Ga wanda aka yi wa leza, zafin rana na bazara, da ke haura digiri 40 a wannan yanki, yana ƙara haɗarin wurin ya yi baƙi. Manoma da masunta da ke yini a fili suna buƙatar malafa, da mayafi, da man kariya daga rana na tsawon makonni bayan kowane zama.

Bincike

Masu bincike na neman hanyar hana jijiyoyi sake tsirowa bayan leza. An gwada shafa maganin rafamaisin a wurin, sakamakon ya bambanta daga gwaji zuwa gwaji. A ƙasar Sin ana amfani da wata hanya ta daban: a yi wa mutum allurar wani sinadari mai suna hemofofin, sannan a haska wa tabon koren haske, sinadarin ya lalata bangon jijiyoyin daga ciki. Wanda aka yi wa dole ya guji rana da haske mai ƙarfi na wasu makonni. Gano sauyin GNAQ kuma ya buɗe ƙofar neman magungunan da za su kama matsalar a cikin ƙwayar halitta, inda hasken leza ba ya kaiwa.